Esin Ɗakin Baba

Ni dai ban taɓa ganin na'ura mai rainin hankali irin esin ɗakin Baba ba. Ƙugi yake yi kamar zai tashi sama, 'yar fitilarsa a kunne, amma iskar da yake hurowa ɗumi ce zalla. Ga ruwa ya fara tsiyaya ta ƙasansa yana bin bango, ya zana wani dogon tabo har ƙasa. Kuma bai tashi yin wannan iskancin ba sai a makon da Yaya zai zo.

Irin tsohon nan ne da ake huda bango a zura, rabi a ciki rabi a waje. Wanda ya huda bangon ko dai gajere ne ko kuma rago ne da ya ƙi hawa tsani, don ramin can ƙasa yake, daidai kan gadon Baba ta gefen hannunsa na dama. Baba ba ya ce masa esi. Iyakwandishan yake cewa, baki cike, kamar yana kiran sunan wani babban baƙo.

Tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kwashe masa hagu, Baba a gidana yake. Ba da son Yaya ba. Yaya shi ne babbanmu, ni da Autarmu a bayan idonsa Sufeto muke ce masa, don in ya shigo gidan mutum sai ya shafa yatsa a kan taga ya duba kafin ya amsa gaisuwa. Shi so ya yi a bar Baba a asibiti. Likita ya ce babu laifi a kai shi gida, amma ya ja mana kunne: irin wannan ciwo wani lokaci yakan sauko maƙogwaro, ranar da haɗiya ta gagara dole a dawo da shi a kwantar, a zura masa roba ta hanci a riƙa ba shi abinci ta nan. To a gadon da ke kusa da na Baba akwai wani bawan Allah mai irin wannan robar, an ɗaure masa hannu a jikin ƙarfen gado don kada ya fizge ta. Baba ya yi kwanaki yana kallonsa. Ranar da aka sallame mu, a cikin mota, ya damƙe min wuyan hannu da hannunsa mai lafiya.

"Tela, kome za a yi, kada ki bari a ɗaure ni."

Tela yake ce min saboda ɗinki nake yi. Na ce haba Baba, ina raye wa zai ɗaure ka.

Sharaɗin Yaya ɗaya ne: muddin Baba na cin abinci, yana wurina; ranar da ya daina, asibiti. Ni kuwa da ba na son a ce min ƙala, sai na ƙirƙiro abin da zai rufe bakin kowa. Kullum in Baba ya gama cin abinci, in ɗauki hoton farantin wayam in tura a zauren 'yan gida na waya. Auta daga can nesa ta turo zuciyoyi jajaye, Yaya ya turo babban yatsa, ba ko sannu. Har wasa nake yi wa Baba da abin, in ce masa ya share faranti tas don Sufeto ya rasa abin faɗa. Shi dai buƙatarsa ɗaya, in na ajiye masa tire in fita in ja ƙofa, wai tun yana saurayi ba ya iya cin abinci an zuba masa ido. Na ga ai girmansa ne, ga hannu ɗaya, ga baki a karkace, wa zai so a kalle shi. Sai in koma kan keken ɗinkina, in na dawo in tarar da faranti fes.

Mai gyara kuwa ban kira shi ba, kuma ina da dalilina. Wanda ke duba esin mutumin Yaya ne, bakinsa ba shi da murfi. Zuwansa na baya ya ga famfon kicin ɗina na ɗiga, kafin yamma Yaya ya kira yana tambaya ko gidan nawa ma ya dace da marar lafiya. In kuma na ɗauko wani daga titi, na san karatun: ya kara kunne, ya girgiza kai, ya ce gas ya ƙare, ya cire abin ya tafi da shi shago, mu kwana nawa muna jiran tsammani. Ni da nake warware keken ɗinki ƙusa-ƙusa in mayar, akwatin iska ne zai gagare ni? Na buɗe waya na samu wani mutum mai tsabtar hannu yana koyarwa. Ya ce yawanci ƙura ce ke toshe ragar da ke tace iska, iska ta kasa wucewa, ƙanƙara ta daskare a ciki. A kashe, a cire filogi, a bar ƙanƙarar ta narke, a wanke raga, shi ke nan. Ya zaro tasa ragar, 'yar ƙura a jiki kamar hoda, ya hure ta yana murmushi.

Da hantsi na shiga da sukundireban kekena da baho. Baba na ganin su ya ce me zan yi. Da na faɗa masa sai ya ce in bar shi kawai, shi fa zafin ya fi masa daɗi, tsohon ƙashi ba ya son sanyi. Mutumin da jiya-jiya yake jiƙe da gumi har matashi. Na ce a'a. Ya ce wuta za ta ja ni. Na nuna masa filogi a hannuna. Ya ce to in bar shi a ɗakin ya riƙa nuna min. Na yi dariya na ce yaushe tsohon mai kanti irinsa ya zama injiniya, na ɗaga shi na sa a kekensa na marasa lafiya, na tura shi falo ƙarƙashin fanka. Ban taɓa jin sa da rashin nauyi kamar ranar ba, amma a raina na ce ni ce na saba da ɗagawar.

Murfin gaban, na roba ne mai gidaje-gidaje, maƙalinsa na gefen gado ya karye, ya bar wata kafa da hannu zai iya shiga. Na haska fitilar waya ta nan. Ƙanƙara ce kuwa, fara fat, ta cika wurin, da wasu duhu-duhu a cikinta da na ɗauka ƙura ce ta dunƙule. Har na ji daɗi, na ce mai tsabtar hannu ya yi gaskiya. Na tara baho a ƙasa, na rufe ƙofa, na tafi na ɗora girki, na ƙarasa kalmasa wata riga da aka matsa min a kanta.

Da na dawo na tura ƙofar, sai da na ja da baya.

Wari ba irin na ɓeran da ya mutu a bayan kabad ba, wancan na san shi. Wannan ɗoyi ne mai tsami, mai maiƙo, da ƙarni a ƙarƙashinsa, irin wanda ke manne wa mutum a harshe. Ashe ƙanƙarar ce ta danne shi duk kwanakin nan, ni kuma da hannuna na sake shi. Ruwan da ya taru a baho ba fari ba ne, ruwan ƙasa ne mai kumfa, da wani yauƙi da ke zarowa daga ƙasan esin ya yi tsawo kafin ya tsinke. Na buɗe taga, na ɗaure hanci da ɗankwali, na yi kuskuren fesa masa turare. Kada Allah Ya sa maƙiyina ya shaƙi turare a kan ruɓa. Na kwance ɗankwalin na jefar.

Na kwance notin gefe biyu, na ja murfin. Bai fito ba, ya manne. Na sa ƙarfi, ya saki da wata ƙara kamar an zare ƙafa daga taɓo, abin da ke bayansa ya zubo min a kan ƙafa. Kyankyasai suka watse, manya da 'ya'yansu, ɗaya ya hau min hannu har gwiwa. Ragar da mutumin waya ya hure tasa yana murmushi, tawa ko ganin ta ba a yi. Wani baƙin kwaɓi ne ya shafe ta daga sama har ƙasa, funfuna kore da fari ta yi gashi a kai, can ƙasa kuma inda sanyi bai kai ba tsutsotsi ne farare ƙosassu suna ta motsi a kan juna. Na juya na yi amai a cikin bahon, na ɗago, na sake kallo, na sake yi.

Na tsine wa ɓera iya tsinuwa. Na ce wannan ɓera ko gadon gidan ya ci ai sai haka, ya rasa inda zai yi rumbu sai ɗakin marar lafiya. Na zagi mai gyaran Yaya da ya ga famfo na ɗiga amma bai ga maƙali a karye ba. Na zagi mai tsabtar hannu da murmushinsa. Sannan na zura leda a kowane hannu, na jawo bokiti, na fara kwasa ina kau da kai.

A cikin kwasar ne na ji abin ba kwaɓi ɗaya ba ne. Ƙulli-ƙulli ne. Na ƙasa sun narke sun haɗe, amma na sama suna nan da siffarsu. Na ɗaga ɗaya zuwa hasken taga. Tishu ne, an naɗe abu a ciki, an murɗe bakin nan an murɗe wancan.

Ɓera ba ya murɗa baki.

Baba ya yi shekaru a bayan kanta yana ƙulla wa mutane kaya a takarda, kuma duk unguwa an san ƙullinsa: ya naɗe, ya murɗe gefe biyu kamar alawa. Ni kaina a kan cinyarsa na koyi wannan murɗin. Yanzu da hannu ɗaya gare shi, gefe guda na kowane ƙulli da shatin haƙori.

Na warware. Naman da na daka masa shekaranjiya ne, an tauna an tauna har ya zama zare, ba a haɗiye ba. Na warware wani, ƙwai. Wani shinkafa, ta yi ruwan toka. Wani ayaba, ta zama baƙin ruwa. Wani ƙarami, da na buɗe, manyan ƙwayoyin maganinsa ne na safe, sun jiƙe sun zama farin ƙulli. Na tsaya tsugune a gaban bokiti ina jin ruwan ƙazanta na ratsa leda yana shiga tsakanin yatsuna. Kwandon shara ni nake zubarwa, zanin gado ni nake canjawa, ƙarƙashin gado ni nake sharewa, taga kuma da ragar sauro, ba ta inda zai jefar waje. A duk ɗakin nan wuri ɗaya ne hannunsa ke kaiwa nawa ba ya zuwa, shi ya samo.

Sai wandunansa suka faɗo min a rai. Ni tela, mai auna mutum da ido daga ƙofa in faɗi ƙugunsa, sau biyu ina rage wa wandunan Baba ƙugu ina cewa robar yanzu ba ta da kirki. Na zauna a kan keke na ɗinke shaidar da hannuna, har ina yaba wa kaina da iya aiki. Na tuna hotunan, faranti bayan faranti, zuciyoyin Auta, babban yatsan Yaya, da yadda nake jin sanyi a raina duk sanda na danna turawa, ba don Baba ya ƙoshi ba, don na ci Sufeto. Ƙyanƙyamin da na ji na tsutsa bai kai wanda na ji na kaina ba. Har shi Baban na ji haushinsa, wallahi na ji, in tsaya a kan wuta in daka in tace, ya tauna ya cusa min a bango.

Amma aikin na ƙarasa shi, don in na tsaya kuka zan yi. Na ƙulle ledar shara biyu, na kai can bayan gida. Na fitar da ragar tsakar gida na sakar mata ruwan tiyo, na zuba garin sabulu, na goge da burushi, na ɗauraye, na sake, har na fara ganin rana ta cikinta. Siraran ƙarafan da ke bayan ragar, masu kama da haƙoran mataji, da tsohon burushin haƙori na bi su daga sama zuwa ƙasa a hankali don kada su lanƙwashe, duk da haka sai da suka yanke ni a yatsa. Ramin da ruwa ke fita waje ya toshe da shinkafa, na miƙe wayar rataye kaya na zura, ya ɓalle ya zubar da wani baƙin ruwa a jikin bangon waje. Na wanke bango, na wanke ƙasa da maganin kashe ƙwayoyin cuta, na canja zanin gado. Na yi wanka na goge jikina har ya yi zafi, amma ina shinshina yatsuna ina jin abin.

Da raga ta bushe na mayar, na ɗora murfi, na ɗaure noti. Saura kafar nan ta gefen gado. Na daɗe ina kallon ta. Sannan na yanko guntun waya na zura ta cikin gidajen murfin, na murɗe da filaya har ko farce ba zai shiga ba.

Na sa filogi na kunna. Fanka ta fara, can injin ya ɗauka da ƙugi, na tara tafin hannu. Sanyi. Sanyi mai tsabta kamar ranar da aka sayo shi. A tsaye a wurin na lissafa yadda abin zai tafi in na yi shiru: Yaya ya zo ya tarar da ɗaki ƙal, sanyi na ratsa shi, ya shafa yatsa a taga bai samu komai ba, ya koma. Mai kwasar shara ya tafi da ledoji. Ba wanda ya sani. Ba zan ɓoye ba, tunanin ya yi min daɗi.

Na turo Baba na kwantar da shi, na jingina masa matashi. Bai kalle ni ba. Murfin ya kalla, ya kalli wayar da na murɗe, ya kalli yatsana da na naɗe da ƙyalle. Na fita na dawo da tire, shinkafa ce da na dafa ta yi luguf da ɗan romo. Na ajiye masa, na jawo kujera na zauna. Ya ce in je in ja ƙofa. Na ce yau ina nan.

Can ya ɗauki cokali, ya kai baki, ya yi ta taunawa. Ina kallon maƙogwaronsa yana hawa yana sauka, abin bai wuce ba. Ya rufe ido ya matsa, sai ya ƙware. Tari ya turnuƙe shi, shinkafa ta fito ta baki ta hanci, fuskarsa ta yi duhu, na rungumo shi ina bubbuga bayansa, duk ƙasusuwa a ƙarƙashin hannuna. Da ya lafa na goge masa fuska, na tambaye shi tun yaushe. Ya ce an ɗan jima. Shayi da madara na wucewa in ya bi a hankali, ruwa ma wani lokaci. Na ce Baba me ya sa, me ya sa ba ka faɗa min ba.

"Ke kika ce in dai faranti ya koma wayam, ina nan."

Ya miƙo hannu ya dafa nawa, ya sassauta murya kamar mai rarrashin yaro.

"Ki juye shi a kicin, Tela. Ki ɗauki hotonki. Daga ni sai ke. Ba wani lokaci mai tsawo nake roƙo ba."

Na ɗauko waya daga aljihu. Ya saki ajiyar zuciya, har ya ɗan tura min farantin don in ɗauka in fita da shi. Ban ɗauka ba. Na gyara shi a kan tiren yadda yake, cike, da cokali a ciki da tishun da na goge masa hanci a gefe, na ɗauki hoton. Na farko bai fito ba, sai da na sake. Yana kallo na tura.

Auta ba ta turo zuciya ba. Baba ya janye hannunsa, ya yi ta fama shi kaɗai har ya juya fuskarsa bango, na kai hannu in taimaka ya ture. Iskar esin na kaɗa 'yar furfurar ƙeyarsa. Wayar ta fara ruri a cinyata, sunan Yaya a kai.

"Kin iya gyara," in ji Baba, bai juyo ba. "Ja min bargo, sanyi ya yi yawa."

Na ja masa bargon har kafaɗa, na rufe wuyan hannunsa na dama, sannan na ɗaga wayar.